Danjar Babur Da Ran Mai Tuƙi: Jawabin Magatakarda A Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu dattawa da suka kafa wannan tafiya, alhazai da hajiyoyi, ƴan'uwanmu da suka tsallako daga Jibiya da Katsina, wakilan ƴan kabu-kabu da masu dakon kaya a babur, muna yi maku barka da zuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

An saba a irin wannan rana ofishin magatakarda ya karanto sunayen sababbin mambobi da wasiƙun da suka shigo. Wannan mun riga mun miƙa wa kwamiti a rubuce, kuma ma'aji ya yi bayanin kuɗi. Abin da muka nemi izinin shugaba mu yi magana a kai bana ƙaramin abu ne a ido, har wani zai ce bai kai a kawo shi gaban manya ba. Maganar danjar babur ce, wato jar fitilar baya, da ƴan wayoyin da ke kai mata wuta. Muna roƙon iyayenmu su yi mana haƙuri su saurara, domin littafin asusun taimako da ke hannunmu ne ya tilasta mana kawo ta.

Yadda babur ya zama ƙafar kasuwancinmu

Kowa a nan ya san shekarun da muka ratso. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ƙofar Jibiya ba ta buɗe ba sai a watan Afrilun 2022. Ba a daɗe ba aka sake rufewa bayan abin da ya faru a Yamai a watan Yulin 2023, har zuwa watan Maris na 2024. A tsakanin nan jarin mutane da yawa ya karye. Wanda da yake cika babbar mota ya koma raba mota da wasu, wanda yake raba mota ya koma babur. Yau ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin ƙauye tsakanin Maraɗi, Madarunfa, Ɗan Isa da Jibiya, in ba shi da babur to yana da yaron da ke yi masa dako a kai.

Abu na biyu da ya canza shi ne wayar salula. Da ita muke jin farashin gero da wake, da ita muke jin yadda naira ta kwana da sefa, da ita ake turo kuɗi. Ɗan kasuwar da wayarsa ta mutu a hanya ya yi asarar ciniki. Saboda haka kusan kowane babur yanzu an ɗaura masa caja. Bayan caja sai ƙarin fitilun gaba masu farin haske, sai rediyo mai sifika, sai ƙararrawar ɓarawo, sai ƴan fitilun ado masu walƙiya da samari ke so. Ba mu zo mu ce a daina ba. Caja da fitila mai kyau kayan aiki ne. Abin da muka zo faɗa shi ne inda ake ɗauko masu wuta, da ɓarnar da ake bari a baya.

Abin da muka gani da idonmu

A cikin shekarar nan da ta wuce, wani yaro da ke yi wa ɗaya daga cikin mambobinmu dako ya taso daga bakin iyaka bayan magariba da kaya a bayansa. Kafin ya iso gari wata ƙaramar mota ta buge shi ta baya. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙashin cinyarsa ya karye, kayan suka watse a titi, baburin ya lanƙwashe. Direban motar ya rantse bai ga komai ba sai da ya zo dab da shi. Yaron kuma ya rantse fitilarsa na aiki. Aka yi ta jayayya, har aka nemi ofishinmu ya je ya duba.

Da muka je da mai gyaran wutar babur, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira rewaya, aka ɗaga kujera. Ƙwan danjar lafiyarsa lau. Amma soket ɗin da ke haɗa wayoyin danja da sauran wayoyin babur ya narke, ya yi baƙi, haƙori ɗaya ya zame ya fita. Kusa da shi an feƙe bawon waya an murɗa wayar caja da ta ƙarin fitila a kai, an naɗe da salatif wanda zafi ya riga ya saki. Ashe dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Direba bai ga wuta ba domin babu ita. Yaro kuma ya yi imani tana nan domin ranar da aka ɗaura masa caja ya ga ta kama.

Wannan shi ne sharrin danja. In fitilar gaba ta mutu, mai babur ne farkon wanda zai sani. In danja ta mutu, shi ne na ƙarshe, domin ba ya ganin bayansa. Mutum zai iya yin wata guda yana tafiyar dare a haka. Ku yi lissafi da mu: motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. In direba bai hango ka ba sai da ya rage mita 30, bai kai daƙiƙa 2 yake da ita ba ya gane, ya taka birki, ya kauce. Balle lokacin hunturu da ƙura ta rufe hanya, ko ga wata mota ta taho ta gaba ta haske masa ido.

Yaron ya yi watanni a kwance. Ubangidansa ya yi asarar kaya da babur, asusun taimako ya ba da abin da ya samu. Soket ɗin da ya jawo wannan duka, kuɗinsa bai kai na man da babur ke sha a tafiya ɗaya ba.

Yadda wutar danja ke tafiya

Ba mu ce kowa ya zama rewaya ba. Amma wanda ya san yadda abu yake ba a cutarsa a wurin gyara, shi ya sa za mu ɗan yi bayani.

Baburanmu suna aiki da batir mai bolt 12. Ƙwan danja na gargajiya zare biyu ne a cikin kwalba ɗaya. Ƙaramin zaren, mai wat 5, shi ke kamawa in an kunna fitila da dare. Babban, wanda yawanci wat 21 ne, shi ke haskawa in an taka birki. Saboda haka waya 3 ke zuwa wurin danja: ta fitilar dare, ta birki, da ta uku wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen babur zuwa ƙafar batir mai alamar ragi. In babu wannan ta ukun, sauran biyun ba su da amfani. Kusa da su akwai wayoyin sigina ta hagu da ta dama. Duka suna haɗuwa a soket na roba a ƙarƙashin kujera ko bayan murfin gefe, namiji da mace, kowane da haƙoransa na ƙarfe. A wasu babura kuma kowace waya da nata kan mai kama da harsashi ake cusawa.

Kamfani ya auna kaurin waɗannan wayoyi da girman haƙoran daidai da aikinsu. In ka raba wat da bolt za ka sami amfiya, wato yawan wutar da ke gudu a waya. Fitilar dare ba ta kai rabin amfiya ba. Ta birki ba ta kai amfiya 2 ba, kuma ita ma ɗan lokaci take kamawa. To a ce an ɗaura ƙarin fitilu biyu masu wat 18 kowace. Wat 36 ke nan, amfiya 3. A ƙara caja, wadda ke jan kusan amfiya 1 in tana cajin waya. Hanyar da aka yi don rabin amfiya yanzu tana ɗauke da sama da 4, awa bayan awa. Fiyus ɗin babur kuwa yawanci mai amfiya 10 ne ko 15, don haka ba zai ƙone ya faɗakar da kai ba. Sai dai wuri mafi rauni ya yi ta ɗaukar zafi, kuma wurin nan shi ne haƙorin soket.

Akwai wani abu kuma. A wasu ƙananan babura, fitilar gaba da ta dare ba daga batir suke shan wuta ba, daga kwayil ɗin inji suke sha kai tsaye. Za ka gane su da cewa haskensu na ƙaruwa in ka ba da wuta, ya ragu in inji ya lafa. Irin wannan wutar ba ta dace da caja ba. Wanda ya jona caja a nan, ko dai ta ƙi aiki sosai ko ta ƙone.

Hanyoyin da ake ɓata soket

Me ya sa masu ɗaura kaya ke son wayar danja? Domin tana kusa, ana ɗaga kujera a gan ta, kuma tana mutuwa in an kashe babur. Aikin minti 10 ne a karɓi kuɗi. Ga irin ɓarnar da muka fi gani.

Ta farko, feƙe waya da reza a murɗa wata a kai. Reza na yanke wasu daga cikin siraran zaren jan ƙarfe, waya ta rage ƙarfi. Murɗin kuma ba ya zama, girgizar hanya na sassauta shi.

Ta biyu, cusa tsirarar waya cikin ramin soket ta baya, ko a tura ta tare da haƙori a danne. Wannan na buɗe bakin macen haƙorin. Ko an cire wayar daga baya, ba ya sake kamawa da ƙarfi. Duk inda haɗi ya yi sako-sako wuta na wucewa da ƙyar, wurin ya yi zafi, roba ta yi laushi, haƙori ya ƙara sakewa, zafi ya ƙaru. Haka yake ci har ya narke.

Ta uku, fizgar soket ta waya maimakon a danna ɗan harshen da ke kulle shi. Waya na tsinkewa a gindin haƙori, wani lokaci a cikin bawo inda ido ba ya gani.

Ta huɗu, mayar da wayoyi ba bisa hanyarsu ba. A bar su inda kujera ke danne su, ko inda ƙarfen kariya ke goga, ko su yi lilo kusa da taya. Mu da ke ɗora buhu biyu da uku, kujera da kariya na lotsawa fiye da yadda kamfani ya zata. Bawo ya goge, waya ta taɓa ƙarfe, fiyus ya ƙone.

Sai kuma yanayin ƙasarmu ya ƙarasa aikin. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana narkar da gam ɗin salatif mai araha. Ƙurar hunturu ta shiga. Ruwan damina da na wankin babur ya biyo baya, jan ƙarfe ya yi kore, tsatsa ta ci haƙora. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alamun da za a lura da su

In danja na kamawa tana ɗaukewa a kan gargada, haɗi ne ya saki. In ka taka birki sai fitilar dare ta dushe ko ta mutu, ko sigina ta ɗan yi ja-ja ba a kunna ta ba, to wayar da ke komawa jikin ƙarfe ce ta lalace, wuta na neman wata hanyar komawa ta cikin sauran ƙwayaye. In fiyus na ƙonewa da zarar an taka birki ko an kunna fitila, akwai tsirarar waya da ke taɓa ƙarfe. In kana jin ƙaurin roba a ƙarƙashin kujera, ko ka taɓa soket ka ji da zafi, kada ka jira gobe. In kuma fitilar dare na aiki amma ta birki ba ta zuwa, a fara duba ƙwan, sannan makunnin birki guda biyu: na hannu da ke jikin liba, da na ƙafa mai ɗan sifirin da ke jan sa.

Muna roƙo da babbar murya: in fiyus ya ƙone kada a maye gurbinsa da guntun waya ko takardar kwalin taba mai ƙyalli. Fiyus mai gadi ne. In ka kore shi, abin da zai ƙone na gaba shi ne damin wayoyin babur gaba ɗaya, ga tankin mai a kusa, ga kayan mutane a baya.

Yadda gyara mai kyau yake

Ko kai za ka yi da hannunka, ko tsayawa za ka yi a kan mai gyara, ga abin da ya kamata ka gani.

A kashe babur a zare makulli, a kwance ƙafar batir mai alamar ragi tukuna. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton soket da salula, yadda za a san wace waya ke shiga wane rami. Sannan a cire duk abin da aka jona a wayoyin danja, a warware tsohon salatif gaba ɗaya. Ɓarnar tana ƙarƙashinsa.

A danna harshen soket a raba shi, a duba haƙora a haske. In datti ne da ɗan kore kawai, roba kuma ba ta narke ba, ana iya ceto shi. Kowane haƙori yana da ɗan ƙaramin ƙugiya da ke riƙe shi a raminsa. Da allura ko siririn sukudireba ake danne ta a zaro haƙorin ta baya. A goge shi da samfefa mai laushi har ƙarfe ya yi haske. In macen ta buɗe, a matse bakinta kaɗan da filaya yadda namijin zai shiga da ɗan ƙarfi. A ɗaga ƙugiyar a mayar, a ji ta yi ƙas, a ja wayar a hankali a tabbatar ta zauna.

In roba ta narke ko haƙori ya yi baƙi, a daina lallashi, a canza soket ɗin ɓangare biyu duka. Sabon namiji a kan ƙonanniyar mace ba ya daɗewa. Ana samun sabo wurin masu kayan babur, ana kuma samun na tsohon babur wurin masu gwangwan. In na gwangwan ne, a yanko shi da jelar waya mai ɗan tsawo, kamar taƙi guda, don a sami abin haɗawa.

A nan ne aka fi yin ha'inci. Wayar da ta sha zafi tana yin baƙi a ciki har nesa da inda ta ƙone, kuma baƙin jan ƙarfe ba ya karɓar dalma, ba ya wuce da wuta yadda ya kamata. A yi ta yankewa baya har a iso inda zaren ke ja yana ƙyalli. In waya ta gajarce, a ƙara da wata mai kauri ɗaya ko wadda ta ɗan fi, kada a sa wadda ta fi siranta. Kafin a haɗa a zura robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. A saƙa zaren biyu cikin juna, a murɗa, a like da dalma, a jawo robar ta rufe, a ɗan gasa ta ta kama. In babu dalma, a yi amfani da ɗan bututun ƙarfe na haɗa waya a matse shi sosai da filaya. Murɗi da salatif kaɗai na fitar da mutum daga daji ne zuwa gari, ba gyara ba ne. Kuma kada a jera haɗin wayoyi ukun wuri ɗaya. A saɓa su, wannan gaba kaɗan wancan baya kaɗan, don ko rufi ya goge ba za su taɓa juna ba.

Game da launin waya, a yi hattara. A tsarin Honda, wanda baburan Caina da yawa suka bi, koriya ce ke komawa jikin ƙarfe, mai ruwan ƙasa ta fitilar dare ce, koriya mai ratsin rawaya ta birki, mai ruwan lemo siginar hagu, shuɗiya mai haske siginar dama. A Yamaha kuwa baƙa ce ke komawa jikin ƙarfe, a Bajaj baƙa mai ratsin rawaya. Babur da ya sha hannu kuma ba a rantsuwa da launinsa. Maganin wannan shi ne fitilar gwaji: ƙwan sigina ɗaya da waya biyu. A mayar da batir, a dafa waya ɗaya a jikin ƙarfe, ɗayar a taɓa haƙori. Wanda ya kama in an taka birki shi ne na birki. Wanda ya kama in an kunna fitila shi ne na dare.

Kada a manta da inda wayar komawa ke ɗaure a jikin ƙarfe. A kwance nocin, a kankare tsatsa da fenti, a ɗaure tamau. A duba mazaunin ƙwan ma, domin shi ma yana tsatsa. In an gama a shafa ɗan basilin ko giris na wuta a bakin soket don ya hana ruwa. A bi da wayoyin ta tsohuwar hanyarsu a gefen ƙarfe, a ɗaure su, a bar masu ɗan sassauci, nesa da taya da inda kujera ke dannewa. Daga nan a gwada: fitilar dare, birkin hannu, birkin ƙafa, siginar hagu da ta dama, sannan duka tare. A girgiza wayoyin da hannu ana kallo. A zauna a kan kujera a sake gwadawa, domin akwai matsalar da ba ta fitowa sai an ɗora nauyi. Kada a biya kuɗin aiki kafin wannan gwajin.

Inda ya kamata caja ta sha wuta

Bayan gyara, caja da ƙarin fitila su sami hanyarsu daban. A ja masu sabuwar waya daga ƙafar batir mai alamar ƙari, a sa mata nata fiyus kusa da batir. Ga caja kaɗai ƙaramin fiyus mai amfiya 3 ko 5 ya isa. A sa makunni, domin cajar da ke manne da batir dare da rana tana tsotsar sa a hankali ko babu waya a kanta, kuma batirin ƙaramin babur ba shi da yawa. Ga ƙarin fitilu, abin da ya fi shi ne a sa rile. Rile ɗan makunni ne da wuta ke kunnawa: yana karɓar umarni daga wayar makulli da ƴar wuta kaɗan, shi kuma ya buɗe wa fitilu hanya daga batir kai tsaye. Ka kashe babur, komai ya mutu, wayoyin kamfani kuma ba su ɗauki kayan da ba nasu ba.

A kuma san cewa abin da inji ke samarwa yana da iyaka. In kayan da aka ɗaura sun fi ƙarfin abin da kwayil ke bayarwa, batir zai riƙa raguwa ko ana tafiya, har fitilar birki da ham su yi rauni. Wanda ya ga haka ya rage kayan ado ya bar na aiki. Araha ba ta ado, kuma mai ɗaurin minti 10 da mai aikin awa guda ba kuɗinsu ɗaya ba. A biya na awa gudan.

Kaya ma na kashe danja

Akwai laifin da ba na rewaya ba ne, namu ne mu masu kaya. Sau nawa muke ganin buhu ya zazzago ya rufe danja ruf, ko jarkoki sun sauko ta baya, ko tabarma da leda na lilo a kanta? Fitila na ci, amma ba mai ganinta. Robar ɗaurin kaya kuma wani lokaci a kan wayoyin sigina ake zagaya ta, a ja da ƙarfi. In an gama ɗauri, a koma baya taku 10 a duba. In kaya sun fi faɗin babur, a manna jar leda mai ƙyalli a bayansu. A riƙa goge gilashin danja, domin laka da ƙura na cinye rabin haskenta. Wanda gilashinsa ya fashe ya sa ja, kada ya bar farin ƙwai tsirara, domin farar wuta a baya na sa direba ya zaci babur ne ke tahowa.

Dokar hanya ta ƙasashen nan biyu ta wajabta jar fitila a bayan babur. Mun sha karɓar ƙorafin mambobi a kan tsaiko a shingayen jandarma da ƴan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, kuma ƙungiya na bin kadin wanda aka zalunta. Amma in aka tsayar da yaronka babu danja, bakinmu ya mutu, ba mu da abin faɗa. Kada mu ba da ƙofa da hannunmu.

Abin da muke roƙon taro ya amince da shi

Ofishin magatakarda na gabatar wa shugaba da kwamiti shawara huɗu.

Ta ɗaya, duk babur da zai tashi da kayan mamba, a gwada danjarsa da birkinsa kafin ya bar tasha. Mai tuƙi ya taka, wani ya tsaya a baya ya duba. In mutum shi kaɗai ne, ya juya bayan babur ga bango ya ga ko jan haske ya faɗa a kai. Bai kai minti ɗaya ba.

Ta biyu, ƙungiya ta ajiye fitilar gwaji, da fiyus, da ƙwan danja a ofis, wanda ya buƙata ya saya a kuɗin da aka sayo.

Ta uku, kwamiti ya zauna da masu gyaran wuta na nan da na tsallake, a fitar da waɗanda suka yarda za su riƙa ja wa caja wayarta da fiyus ɗinta, a sanar da mambobi.

Ta huɗu, kuma wannan ga iyayen gida ne: kuɗin gyaran wutar babur ya fito daga aljihun mai babur. In aka ce yaro ya cire daga abin da yake samu a yini, zai ɗaga gyaran zuwa gobe, goben kuma ba ta zuwa. Yaran nan amana ce iyayensu suka ba mu. Kaya in sun watse ana sake saye.

Ku kuma ƙannenmu masu tuƙi, in kun ga babur a gabanku babu wuta a baya, ku cim masa ku gaya masa, ko ba ɗan ƙungiya ba ne, ko daga wane ɓangaren iyaka ya fito. Shi bai sani ba, ku ne kuke gani.

 Inda muka yi kuskure a yafe mana, masu sana'ar da ke cikin taron nan kuma su gyara mana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya tsare mu a hanya dare da rana. Allah ya maimaita mana ta baɗi.